Maigadin da Ke Tare Masu Fita

Assalamu alaikum masu karatu, har da ku da ke shigowa akwatin saƙona kuna yi mini wa'azi kyauta. Na ga saƙon baiwar Allahn nan da ta ce ruwan ido ne zai tsufar da ni a gida. Na gode Hajiya, Allah ya bar zumunci. Ki gyara zama ki karanta wannan tukuna, in kin gama sai ki sake ba ni fatawa.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Naja'atu. Shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da Hausa a wata makarantar kuɗi a nan Ikara, kuma har yau ina ɗakin Ummata, abin da ya hana rabin matan unguwarmu sukuni. Mai nemana sunansa Muhsin, malamin gona ne daga Makarfi. Dogo ne mai saje, yana sallama da murya ƙasa-ƙasa kamar wanda bai taɓa kashe sauro ba. Wata bakwai ke nan yana zuwa zance. Kawu Inuwa ya hau mota ya je Makarfi bincike, ya tambayi liman, ya tambayi maƙwabta, ya dawo yana cewa yaron nan ko da asuba ka neme shi a sahun gaba za ka same shi.

Daga nan Baba ya kira ni zaure. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata, ba zan yi miki dole ba," in ji shi. "Mutanen nan suna son turo magabata. Ki yi tunani. Juma'ar ƙarshen wata, in an sauko daga masallaci, ki ba ni amsa. Eh ko a'a."

To wannan amsar ce ta kawo ni gabanku yau.

Daga toshi abin ya faro. 'Yan mata ana kai musu waya da turare da atamfa, ni sai ga laftof a baƙar jaka, wai don in riƙa shirya darasi ina rubuce-rubucena. Umma ta ajiye ta a tsakiyar gado ta aika aka kira Gwaggo Kulu, yayar Baba. Gwaggo ta shafa murfin ta ce, "Wannan yaro ya san darajar ilimi." Ita da ko lambar waya sai an danna mata. Ni ma ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Na saya mata ƙyalle mai fure na rufe ta don ƙura, na koma rubuta komai a cikinta, daga jarrabawar 'yan aji biyu har abin da ke cikin raina.

Sai dai kwamfutar nan tana da ciki. In na haɗa ta da wayata, datar da ke kai ni wata sai ta ƙare a kwana huɗu, alhali ba fim nake saukewa ba. Da abin ya ishe ni na ɗauke ta na kai wa Mukarrama a ɗakin malamai. Mukarrama ƙawata ce, ita ke koyar da kwamfuta a makarantarmu. Kullum daga Kudan take zuwa a bas, ta iso da ƙura a gira da baki cike da magana.

Ta danna nan ta danna can, ta taɓe baki. "Wani abu ke sulalewa da datarki ba ki sani ba. Bari in sa miki fayawol."

"Mene ne kuma wannan?"

"Maigadi ne. Amma ba irin na ƙofar Alhazai mai tare masu shiga ba, wannan masu fita yake tarewa. Duk manhajar da ke cikin kwamfutar nan, in ta tashi leƙa intanet, sai ya riƙe mata riga ya tambaye ki: in ƙyale ta ko in hana ta?"

Na ce, "Ashe Babana za ki saka mini a ciki." Don a gidanmu ba mai fita sai ya bi ta zaure, Baba na zaune a kan buzu da rediyonsa, ya ji ina za ka da kuma yaushe za ka dawo.

Tana gama sakawa sai ƙananan akwatuna suka fara tasowa a fuskar kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Jama'a, ashe duk wata manhaja da ke ciki yawo take fita. Ta sauraron waƙa tana son fita. Ta rubutu tana son fita. Har ta kallon hotuna wai tana da uzuri a waje. Mukarrama na danna hana tana yi musu faɗa, ni ina dariya har da riƙe ciki. Can sai wata ta taso mai suna kamar ta firinta.

"Kin taɓa haɗa firinta da kwamfutar nan?"

"Ina na ga firinta?"

Ta hana ta. Muna cikin cin awara sai ga ta ta dawo. Bayan minti ashirin ta sake dawowa, ko kunya babu. Mukarrama ta goge hannu a gefen hijabi ta bi sawunta har ɓoyayyiyar foldar da take zaune, ta buɗe. Daga nan ta daina magana, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ta.

Hotunan fuskar kwamfutata ne jere, ɗaruruwa. Ga kuma wani dogon fayil da ke ɗauke da duk harafin da na taɓa dannawa, har wanda na goge. Na ga inda na rubuta cewa bakin Gwaggo Kulu ya fi lasifikar masallacin Juma'a kai saƙo nesa. Na ga inda na rubuta ciwon marata na wata. Na ji kamar an yaye mini zane a tsakiyar kasuwa.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Tun ranar da aka fara kunna ta. Tattarawa take ta aika."

"Wa take aika wa?"

"Maigadin adireshi kawai yake nunawa, ba ya nuna sunan mutum." Ta dube ni ta gefen ido. "Amma ke wa ya ba ki kwamfutar?"

Ta kai hannu za ta goge abar, na riƙe ta. Na ce ba zan ɗauki alhakin bawan Allah ba, wataƙila a shagon da ya saya aka saka. In ta goge, har abada ba zan san gaskiya ba. Ta kira ni mahaukaciya, amma ta share duk abin da abar ta tara, ta rufe mata ƙofa, sannan ta nuna mini yadda zan buɗe mata sau ɗaya in na ga dama in sake rufewa.

Ranar Asabar da hantsi na zauna a bakin gado na buɗe shafin da nake rubuta sirrina. Na rubuta: "Yau ba abin da raina ke so irin mazarƙwaila da soyayyiyar gyaɗa. Amma wa zan faɗa wa?" Akwatin ya taso. Na danna ƙyale.

Ranar Litinin da la'asar Muhsin ya faka babur ɗinsa a ƙofar gida, ya miƙo mini leda yana murmushi. Mazarƙwaila curi uku da gyaɗa.

"Haka kawai na ji zuciyata ta ce in kawo miki," in ji shi.

Na ce, "Allah sarki, zuciyar nan taka akwai ji."

Duk da haka na ba shi uzuri. Mutumin Makarfi ya kawo mazarƙwaila ai ba labari ba ne, garin rake ne. Sai na sake gwadawa. Na rubuta cewa turaren da yake sawa yana hawa mini kai, kuma ni namiji a shadda ruwan sararin samaniya da hula zanna bukar shi ne ƙarshen kyau. Zuwansa na gaba sai ga shi shuɗi tun daga wuya har idon sawu, shaddar ko karin guga ba ta saki ba, ƙamshin ma an sauya. Yana tafiya yana ɗan juyi don in gani da kyau. Na gani, Malam, na gani.

A na ukun ne shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Na rubuta: "Jiya na yi mafarki wai mijin da Allah ya zaɓa mini zai zo da farar agwagwa. Ban faɗa wa kowa ba, kada a yi mini dariya."

Wallahi tallahi, ranar Alhamis sai ga malamin gona guda, mai digiri, ya taho tun daga Makarfi da farar agwagwa ɗaure a bayan babur, tana kuka tana yi masa kashi a kan shuɗiyar shadda. Wai a Nasarawan Doya ya gan ta wajen wani manomi, sai ya ji ta dace da ni. Umma ta rangaɗa guɗa ta ce Allah ne ya haɗa jininmu. Ni kuwa na shige ɗaki na cusa fuska a filo, na yi dariya har hawaye suka zo. Da hawayen suka zo kuma sai suka ƙi tsayawa, don yanzu na sani.

Nan ne ya kamata in tattara kwamfutar in mayar masa. Na san haka za ku ce, kuma kun yi gaskiya. Ban mayar ba.

Abin da ya faru shi ne na fara jin daɗin abin. In na rubuta ina son ci gaba da karatu, sai ya zo ya durƙusa gaban Baba ya ce shi burinsa matarsa ta yi digiri na biyu. In na rubuta ba na son namiji mai yawan kira, sai kiran ya ragu. Wace mace ce ba ta son a san abin da ke ranta ba tare da ta buɗe baki ba? A hankali ƙaryar ta ƙare mini, na koma rubuta gaskiya. In yana zaune a gabana ba abin da nake iya ce masa sai lafiya lau, amma in na buɗe kwamfutar sai in zuba kamar an kunna famfo. Na fi sabawa da ɓarawon a kan mutumin.

Har na rubuta abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara uku da suka wuce an taɓa sa mini rana da wani Bilya. Saura kwana goma biki danginsa suka zo da mota suka kwashe lefensu, ba wani dalili sai wai an sake shawara. Baba ya yi musu rakiya har bakin mota, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Da na kai masa abincin rana zaure sai na same shi ya juya fuska ga bango, hularsa a hannu, kafaɗunsa na rawa. Babana, da ko ranar da aka binne ƙaninsa ban ga hawayensa ba. Na koma da kwanon a hankali, bai san na gani ba. Ko Umma ban faɗa wa ba.

Na rubuta wannan duka wata Lahadi da rana. Akwatin ya taso yana tambayata. Na daɗe ina kallonsa, sannan na danna ƙyale da hannuna. Ba wanda ya sa ni. Ina son wani ya riƙe mini abin ne, ko da ɓarawo ne.

Zuwansa na gaba bai ce komai a kai ba, sai dai ya daɗe a durƙushe wajen gaida Baba fiye da kullum. Zuciyata ta yi laushi, har na fara cewa a raina wataƙila eh ɗin ba laifi.

Mukarrama ce ta watsa mini ruwan sanyi. "Ke ba soyayya kike ba," in ji ta, tana ɓare rake da haƙori a ɗakin malamai. "Wasan kwaikwayo kike rubutawa, shi yana hawa dandamali. Duk abin da ya burge ki a jikinsa ke kika saka masa. Rufe ƙofar nan ki ga ko yana da bakin kansa."

Saura kwana goma sha biyu Juma'ar Baba, na rufe ƙofar.

Kwana biyu shiru. A na uku saƙo ya shigo: "Slm gimbiya. Ya aiki? Kwamfuta na aiki lafiya kuwa?"

Na amsa: "Lafiya ƙalau, har ta yi ƙiba."

A na biyar: "Kina rubuce-rubucenki kuwa? Kar ki bar baiwar da Allah ya ba ki."

A na bakwai: "Ko in zo in karɓa a yi mata sabis a Zariya? Irinsu suna son dubawa."

Mutumin da bai taɓa tambayar ko na warke daga zazzaɓi ba sai in na rubuta, ga shi ya damu da lafiyar kwamfuta kamar ita zai aura.

Ranar Laraba ya zo bayan la'asar, Baba ya tafi gona. Na sa doguwar riga ta atamfa ruwan goro da mayafi baƙi, ban shafa komai ba sai kwalli. Na shimfiɗa masa darduma a soron ciki, na ajiye ruwa da zoɓo. Shuɗiyar shaddar ya sake sawa, don ita ce umarni na ƙarshe da ya samu a kan tufafi. Muka gaisa, ya tambayi Umma, ya tambayi aiki. Daga nan ya tsaya cak. Ya dubi rufi, ya dubi takalminsa. Can ya fara ba ni labarin tsutsar da ke cin masara a Gubuchi, da irin maganin da ake fesa mata, da awon ruwan da ake haɗawa. Na saurara kamar ina da hekta goma.

"Af, kwamfutar fa?" ya ce daga ƙarshe.

"Malam, in tambaye ka?"

"Ina jin ki, gimbiya."

"Wata bakwai kana zuwa gidan nan. Ka taɓa yi mini tambaya ɗaya da ta wuce ya gida, ya aiki?"

Ya yi 'yar dariya. "Ai na san ki, Naja."

"A ina?"

Ya kai kofin zoɓo baki bai sha ba.

"Ni ban taɓa mafarkin agwagwa ba," na ce. "Tsoronsu ma nake ji. Mazarƙwaila kuma haƙorina take tayar mini. Na ga abar da ka saka, mai sunan firinta. Wata biyu ke nan ni nake buɗe mata ƙofa in rufe."

Da ya yi rantsuwa ya musa, ko ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa, wataƙila da labarin ya sauya. Sai ya ajiye kofin a hankali ya gyara zaman hularsa.

"To ai bincike ne," in ji shi. "Ku ma Kawunki bai je har unguwarmu yana tambayar mutane a kaina ba? Kowa da yadda yake nasa. Zamani ne. Wani abokina ne ya saka mini, shi ma haka ya yi kafin ya yi aure."

"Kawu da ya je, sallama ya yi aka ba shi tabarma. Kai ta ina ka shigo?"

"Haba Naja, mene ne abin zafi? Duk abin da na gani alheri ne. Ba ki kula kowa, ba kya hira da maza. Na faɗa wa Hajiyarmu ma, na ce yarinyar nan na tantance ta."

Kun ji fa. An tantance ni, kamar irin masara. Saura a buga mini hatimi a zuba a buhu.

"In an ɗaura sai a cire," ya ƙara, wai yana lallashina. "Tunda kina gabana ai ba sauran buƙata."

Na tashi na fara naɗe mayafina. Sai ya sassauta murya, irin muryar nan tasa ta sallama.

"Ki yi tunani kafin jibi. Ba don ni ba, don Baba. Na san abin da ya same shi ranar da aka kwashe lefen nan. Dattijo kamar wannan, fuska a bango. Kina so ki sake sa shi kuka?"

Ban san lokacin da na koma na zauna ba. Abin da na ɓoye shekara uku, na ɗauka na ba shi don ya taya ni riƙewa, shi ne ya zaro ya ɗora mini a wuya. Kuma ba zan ce sata ya yi ba, wannan kam ni na miƙa masa. Ban taɓa jin tsanar kaina irin ta wannan yammacin ba. Ya tashi ya karkaɗe shaddarsa, ya ce a gaida Umma, ya tada babur ya tafi.

Washegari na sami Umma a madafa tana turara dambu. Na faɗa mata komai ban da maganar Baba. Ta saurara tana yayyafa ruwa a tsaki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"To shi ne me?" in ji ta.

"Umma, leƙen asirina fa yake yi."

"Namijin da ke son sanin abin da ke ranki shi kike kuka da shi? Shekara talatin ina gidan nan, ubanki bai san ba na son miyar kuka ba. Kullum sai ya ce a yi, in yi, in ci." Ta rufe madambaci da ƙarfi. "Ke kin samu mai bin ki har cikin kwamfuta, kina yanga. Shekarunki nawa, Naja? Sa'o'inki na kai 'ya'ya makarantar da kike koyarwa."

"Umma..."

"Kar ki kuskura ki kai wa ubanki wannan shirmen. An yi mana na farko mun haɗiye, ba za a ce wannan karon daga gidanmu aka fasa ba. Ni na riga na ce wa Gwaggonki ta shaida musu su taho gobe bayan masallaci, don na san eh za ki ce."

Na dube ta, na ga idonta ya yi ja, kuma ba hayaƙi ba ne kaɗai. Ita ma tsoron bakin unguwa ne ke cin ta, kuma a kaina take jin tsoron.

Ranar Juma'a tun hantsi gidan ya kaure da ƙamshin soyayyen nama. Gwaggo Kulu ta iso da sabon leshi da ɗaurin da ya kusa taɓa rufi, tana ba da umarni kamar ita ta haifi kowa. Ni ina ɗaki. Na kunna kwamfutar, akwatin ya taso kamar yadda ya saba, abar tana neman hanya. Na duba ƙasa inda aka rubuta a hana ta har abada, na danna. Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Ban ji komai ba, don abin da ya fita ya riga ya fita.

Da aka sauko daga masallaci na ji gyaran muryar Baba a zaure. Na sa hijabi na rungumi kwamfutar na fita. Umma ta bi ni da harara tun daga bakin madafa. Yana zaune a kan buzu da farar babbar riga, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Uwata, me kika yanke?"

"Baba, kafin in faɗa, akwai abin da ya kamata ka sani."

Na buɗe na nuna masa hotunan da fayil ɗin. Baba bai san kwamfuta ba, sai na ce masa kamar a ba ka akwati kyauta ne, ashe an huda ƙasansa, duk abin da ka ajiye yana zuba a hannun wanda ya ba ka. Na faɗa masa na gano, na faɗa masa na yi wasa da abin, ban rage laifina ba. Carbin ya tsaya a hannunsa.

"Me da me na gidan nan ya fita?" ya tambaya.

Nan ne na so ƙasa ta tsage. Zan iya cewa ba komai sai shirmen 'yan mata, kuma zai yarda. Amma in na ɓoye, maganar za ta zauna a aljihun Muhsin, ya riƙa zaro ta duk ranar da ya so, har ƙarshen rayuwata.

"Ranar da aka kwashe lefe, Baba. Na kawo maka abinci na gan ka. Na rubuta, kuma ni na bar shi ya fita. Shekaranjiya ya ce in na ƙi shi zan sake sa ka kuka."

Baba ya dubi bangon nan, sannan ya sunkuyar da kai. Na ga kunya a fuskar mahaifina, kuma ni na jawo masa. Hawaye suka zubo mini, na ce ya yafe mini. A daidai lokacin muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida, da buɗe ƙofofi, da muryoyin dattawa suna cewa a sauko da goron a hankali.

"Ba ki ba ni amsa ba," in ji Baba, murya a dushe.

"Baba, in na ce a'a, mutane za su..."

"Ban tambaye ki mutane ba. Kukan da na yi nawa ne, ba a kansa za ki yi aure ba. Eh ko a'a?"

"A'a, Baba."

Ya ɗaga kai sau ɗaya. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu, ya gyara hula, ya dafa bango ya miƙe. A waje wani ya rafka sallama. Na juya zan gudu cikin gida sai na ci karo da Umma da Gwaggo Kulu tsaye a bakin soron ciki, Gwaggo riƙe da tiren lemo, Umma ta dafe ƙirji. Ba hanyar wucewa, sai na tsaya a nan.

Baba ya ɗaga labulen zaure ya amsa sallamar. Suka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Makarfi ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi damina, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan na ji ya ce:

"Alhaji, bismillah ku shigo ku sha ruwa. Amma kayan nan a bar su a mota tukuna, kada a wahalar da kai wajen saukewa."